Ƙusar da ke Ƙafar Barbara

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, ban iya amsa kowa ba, ku yi mini afuwa. Masu cewa na cika jan rai, ga abin da ya faru ranar Lahadi a gidan Kaka.

*

Romon da ke farantina ya taru a gefe ɗaya.

Na lura da shi ne lokacin da Kaka Truda take miƙo mini cokali. Ta wajen taga ya kusa taɓa bakin farantin, ta wajena kuwa taliyar ta fito fili. Na juya farantin. Romon ya koma inda yake.

A unguwarmu babu gidan da bai ɗan karkata ba, kowa da guntun katakon da yake cusa wa ƙafar tebur. Sai dai ni ce na rubuta cewa karkatar wannan layin ba ta kai abin damuwa ba. Ni na sa hannu a ofishin safiyo na mahaƙar kwal, cewa sabon bango zai iya wucewa ta ƙarƙashin gidajen nan, iyakar ɓarnarsa 'yar tsaga a jikin fenti.

Bango muke ce wa dogon sahun kwal da inji ke yanka a ƙarƙashin ƙasa. Injin yana gaba, rufin yana ruftawa a bayansa, abin da ya rufta kuma a hankali yake isowa sama. Aikina in faɗi yadda ƙasa za ta lotsa, a ina, kuma yaushe.

"Ci mana, Bogna," in ji Kaka. "Kin tsura wa romo ido kamar zai ba ki labari."

"Ina ci."

"Ba ci take ba, awo take," Yaya Damian ya ce, bakinsa cike. "Injiniya, zurfin miyar nawa ne? A rubuta mana mu sa hannu."

Baba ya yi dariya har da tari. Baƙaƙen kayansa na bikin ranar Waliyiya Barbara, mai tsaron masu haƙar kwal, suna rataye a jikin ƙofa, an goge maɓallan, hular mai gashin tsuntsu tana kan kabad. Ya bar aiki da daɗewa, amma duk farkon Disamba sai ya sa su ya bi sahun 'yan badujala.

Kaka ta kawo naman naɗi da curin dankali da jan kabeji. Tana zuba wa Baba sai ta kama hannunsa ta juya.

"Alojz, da wannan hannun ka je coci? Siminti har cikin farce."

"Na wanke, Mama. Ya ƙi fita."

"Kun gama da Barbara ke nan?"

"Jiya muka gama. Sahu biyu bana."

"Madalla. Bara da na je kai mata fure, ruwa har idon sawunta."

Na ajiye cokali.

Ɗan ɗakin Waliyiya Barbara yana can ƙarshen layi, dab da rafi. Gini ne ƙarami, mutum ɗaya ma ba zai shiga ba, mutum-mutuminta kawai ke ciki a bayan gilashi. Ni bas a saman layi take sauke ni, na daɗe ban gangara can ba. Amma na san wurin fiye da kowa a takarda. A jikin gindinsa akwai ƙusar awo, ta ƙarfe, mai zagayayyen kai. Duk bazara ma'auna suna ɗora sanda a kanta su kawo mana lamba. Sauran ƙusoshin layin duk sun ɓace lokacin da mutane suka lulluɓe jikin gidajensu da soson tare sanyi. Ita kaɗai ta rage.

"Sahu biyu na me, Baba?"

"Na bulo mana."

"A ina?"

"A ƙarƙashinta." Ya dube ni kamar na tambayi sunansa. "Ɗaga ta muke yi. Ni da abokaina, Erwin da su Gerard. Mu tona gefe, mu sa jak, mu ɗaga ginin gaba ɗaya, mu jera bulo, mu mayar da ƙasa. Matar Erwin ta shuka fure a kai. Ko alama ba za ki gani ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da tsohon bango ya wuce ta bayan rafi ruwa ya fara kwanciya. Haba Auta, ita ke tsare mu a ƙasa, mu kuma mu bar ta tsaye cikin taɓo?"

"Duk shekara?"

"Duk shekara, kafin ranarta."

Na ture farantina gefe.

"Baba, akwai ƙusa a jikin ginin."

"Yo na sani!" Fuskarsa ta washe. "Kada ki damu, ba mu taɓa ƙusarku ba. Ni da kaina nake naɗe ta da tsumma kada siminti ya ɓata ta. Erwin har mai yake shafa mata. Na ce musu wannan ta ofishin 'yata ce, duk wanda ya buge ta da shebur ni da shi ne."

Kaka ta gyaɗa kai, ta gamsu da tarbiyyar ɗanta.

Shekara huɗu lambar ƙusar nan tana ba mu mamaki. Lissafi ya ce wurin zai lotsa sosai, ita kuma kullum ta ce kaɗan ne. Na yi wata guda ina neman dalili. A ƙarshe na rubuta cewa akwai shimfiɗar dutse mai kauri a ƙarƙashin layin da ke riƙe ƙasa. Shugabata Madam Kocur ta yaba, ta ce in gabatar da takardar a taron masana. A kan dutsen nan na gina duk hasashen sabon bango.

Ashe dutsen nawa tsofaffi huɗu ne da jak.

"Me ya faru?" Baba ya tambaya. "Kin yi fari fat."

Ban iya magana a gaban mutane ba, ko da mutanen gidanmu ne. Na nemi kalma na rasa. Sai idona ya faɗa kan katakon ƙofar kicin, inda zanen fensir ke hawa ɗaya bisa ɗaya.

"Kaka, kin tuna in kina auna tsawonmu a ƙofar can, me Yaya yake yi?"

"Ɗage yake yi, ɓarawon banza. Sai na taka masa ƙafa."

"To ƙusar nan ita ce kan yaron. Mu muna auna kai. Su Baba kuma duk shekara suna sa masa bulo a ƙarƙashin ƙafa."

Kaka ce ta fara ganewa. Ta zauna a hankali, da ludayin a hannunta.

Baba ya daɗe yana kallona. Ya dubi farcensa.

"Amma ba mu taɓa ta ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na sani, Baba."

"Na naɗe ta da tsumma."

"Na sani. Sahu nawa ne duka?"

Ya ƙirga a yatsu. Ya sake ƙirgawa.

"Bakwai. Da na jiya."

Na lissafa a zuci. Na jiya ba a auna su ba tukuna. Sauran biyar sun cike giɓin da na rufe da dutse, kusan daidai.

Duk wannan lokacin mutum ɗaya ne bai ɗago kai ba. Yaya Damian yana yanka namansa ƙanana-ƙanana, yana jera su a gefen faranti. Shi ne shugaban aikin dare a sabon bango. Ya yi makarantar koyon aikin haƙa, kuma a can akwai darasin awo. Ni na gaji littafinsa, da zanen mata a bangon baya.

"Baba, jak ɗin na waye?"

"Na wurin aiki ne. Yayanki ke aro mana."

"Yaya."

"Na'am, Injiniya."

"Ka san da ƙusar?"

"Kowa ya san da ƙusar. Ba ki ji har mai ake shafa mata ba?"

"Ka san abin da ɗagawar ke yi?"

Ya cusa nama a baki. Ya tauna a nutse, ya haɗiye, ya kurɓi ruwa.

"Kaka, akwai sauran kabeji?"

"Amsa mata," in ji Kaka.

Ya ajiye wuƙar.

"Shekarar farko ban kawo komai a raina ba. Tsofaffi suna son aikin lada, na kawo musu jak."

"Ta biyu fa?"

"Ta biyu na gane."

"Ka yi shiru."

"Wa ya tambaye ni?"

"Ta uku?"

Ya dubi Baba, ya kawar da kai.

"Ta uku ita ce shekarar da na ce sahu ɗaya ya isa," Baba ya ce a hankali, kamar mai tuna mafarki. "Kai ka ce a ƙara. Ka ce tun da an riga an tona, a yi mai gaba ɗaya."

"Haka na ce."

"Kai, Damian."

"Baba, tsaya ka ji."

"Da hannuna ka yi? Da hannun Erwin, mutumin da numfashi ma da ƙyar yake ja? Muna ta addu'a muna jera bulo, kai kana tsaye kana riƙe mana fitila?"

"To da me kake so in yi?" Muryar Yaya ta ɗan tashi. "Wannan ne bango na ƙarshe. Babu wani a bayansa. In aka ce ba zai bi ta ƙarƙashin layin nan ba, an rufe mahaƙar, shi ke nan. Ka san mutum nawa ke sauka ƙasa kullum? Ɗan Erwin yana ciki. Surukin Gerard yana ciki. Ni ina ciki, da yara biyu. Ina za mu? Ɗaukar kwali a sito?"

"Sai ka faɗa mini," na ce.

"In faɗa miki? Ke da ko canjin da mai shago ya yi miki ƙari sai kin koma kin mayar? Da washegari kin kai wa Madam ɗinki." Ya yi ɗan murmushi marar daɗi. "Ban yi miki ƙarya ba, Bogna. Ban taɓa takardarki ba. Ke kika ƙirƙiro dutsenki. Ranar da kika zo nan kina ba mu labarinsa, har da zane a bayan takardar burodi, na ce a raina lallai boko ya yi rana."

Na tuna ranar. Ya tafa mini har sau biyu.

Ban ji haushi ba a lokacin, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ina dai kallon yadda jijiyar wuyansa ke motsi, da baƙin kwal da ya zauna a gefen idonsa kamar kwalli, wanda sabulu ba ya fitarwa.

"Gida bulo ne," Yaya ya ci gaba, yanzu da Kaka yake. "In ya tsage masu mahaƙar za su gyara. In ya ƙi gyaruwa za su ba ki ɗaki a sabbin benaye, da ruwan zafi, da na'urar hawa bene. Ba sauran ɗauko kwal daga ɗakin ƙasa. Ke da kanki kike kukan gwiwa."

"Na yi maka kuka?"

"Kullum."

"Da gwiwata nake, ba da kai ba."

Ta juyo gare ni. Kaka ba ta cika kallon mutum ido cikin ido ba, ta fi son yin magana tana goge wani abu. Yau ta kalle ni.

"'Yar nan, bar ni da bulo da jak. Abu ɗaya zan tambaye ki, kada ki kawo mini lamba. Gidan nan zai tsaya?"

Na dubi bangon kicin, da rufin, da tagar da ke kallon rafi. Gidanta ne na biyu daga ƙarshe.

"In bangon ya wuce ta nan, a'a."

"Yaya zai yi?"

"Bangon kicin ne zai fara rabuwa da na ɗaki. Daga nan bututun gas, dole a yanke shi. In ƙasa ta gama zama, gidan zai koma ƙasa da rafi. Ruwa zai shiga ɗakin ƙasa, kuma ba zai fita ba."

"Na Erwin fa?"

"Nasa zai riga naki."

Ta gyaɗa kai, kamar na faɗa mata farashin ƙwai.

"Yaushe?"

"A jadawalin da aka ba mu, sai bayan Ista injin zai iso. Akwai lokaci. Gobe zan sa a sake awo daga wata ƙusar da ke can jikin coci, in gyara lissafi, a kai wa hukuma. Za a iya tsayar da shi tun yana nesa."

Yaya ya yi wani ɗan sauti ta hanci.

"Mene ne?" na ce.

"Ba komai."

"Damian," in ji Baba.

"Jadawalin ofis ke nan." Ya murza goshinsa. "Tun Oktoba aka ƙara mana gudu. Ba hutun Asabar, ba na Lahadi, injin ba ya tsayawa. Sun ce tun da rahoton safiyo ya nuna ƙasar tana da ƙarfi, ba dalilin tafiya a hankali."

Rahotona ke nan.

"Kuna ina yanzu?"

"Ai za a aiko muku da taswira ƙarshen wata."

"Yaya, kuna ina?"

"Da na fito da asuba, muna ƙarƙashin filin ƙwallo."

Filin ƙwallo yana saman layinmu. Daga tagar ɗakin Kaka ana hango ragar.

Ƙasa ba ta jira inji ya iso ƙarƙashinta. Tun yana tafe take fara miƙewa ta wajensa, kuma in yana gudu, ba ta samun lokacin zama a hankali, yagewa take yi. Wannan a shekarar farko ta jami'a ake koyar da shi.

"In aka tsaya yau," na ce, "wataƙila gidan ya tsira da tsaga. Ban yi alkawari ba."

"In ba a tsaya ba?" Baba ya tambaya.

"Sati biyu. Ko ƙasa da haka."

A gidan maƙwabta wani yana gwada ƙahon badujala, yana maimaita wuri ɗaya yana kuskurewa.

Na ɗauko wayata daga jaka. Ban taɓa kiran Madam Kocur ba. Ko a ofis, in ina da tambaya, rubutawa nake in tura mata alhali teburinta yana kallon nawa.

"Kira ta," in ji Yaya. "Kira. Amma ki san me za ki ce. Za ki ce ubanki da abokansa sun motsa alamar awo ta hukuma shekara huɗu. Kin san ba addu'a ake yi wa mai wannan laifin ba. Kuma sa hannun da ke ƙasan rahoton, ba nawa ba ne."

"Na sani."

"Ranar Alhamis Baba zai sa kayan can ya shiga sahu. Kina so ya shiga, mutum dubu suna nuna shi, ga wanda 'yarsa ta rufe mana mahaƙa?"

Na dubi Baba. Yana kankare simintin farcensa da bakin cokali mai yatsu, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Baba?"

Bai ɗago ba.

"Ni na jera bulon," ya ce. "In sun tambaya, ki ce ni ne. Kada ki sa sunan Erwin, ba shi da lafiya."

"Baba, don Allah," in ji Yaya. "Sati uku kawai nake nema. Mu wuce layin, a gama. Bayan nan kowa ya faɗi abin da yake so."

"Ka nema a wurin mai gidan. Ga ta nan zaune."

Yaya ya juya wajen Kaka. Ya sassauta murya, irin yadda yake yi tun yana yaro in yana son ƙarin waina.

"Kaka. Tsohuwata. Ke kika ce mini namiji ba ya barin abokan aikinsa a rami. Ke kika faɗa, a kan teburin nan. Sati uku. Ni zan ɗauke ki da kaina, ki zauna wurinmu, yara su yi ta damunki. Ki ce mata ta ajiye wayar."

Kaka ta tattara ɓurɓushin burodi da gefen hannunta, ta zuba a tafinta.

Na danna lambar.

Ta fara ƙara.

Kaka ta miƙe. Ta ɗauki farantinta ita kaɗai ta kai wurin wanki, ta wanke, ta goge, ta kife. Ta kwance ɗamarar girki ta ninke ta a kan kujera. Ta shiga ɗaki.

Wayar tana ta ƙara.

"Ba za ta ɗauka ba," in ji Yaya. "Lahadi ce."

Kaka ta fito da babbar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura ɗankwali, jakarta a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta zaro makullin gidan daga ƙusar da yake rataye. Ta dawo teburin.

"Bogna?" Muryar Madam Kocur ta fito, da hayaniyar yara a bayanta. "Lafiya, yau Lahadi?"

"Madam, ki yi haƙuri. A kan sabon bango ne. Dole a tsayar da shi yau."

Kaka ta ajiye makullin a gefen farantin Yaya, kusa da wuƙarsa. Ta gyara shi da yatsa ya miƙe.

"Kaka," in ji Yaya. "Ina za ki? Kaka!"

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Ƙofar ta daki katako ta ƙi shiga gurbinta.

Ba ta sake gwadawa ba. Ta bar ta a buɗe, ta sauka matakala.